Akwatin Kaset ɗin Baba

Fatakwal, ranar Laraba.

Zuwa ga Baba Madu, Gashuwa.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ku da Inna Yagana. Yaya ƙafar taku, ta rage kumburi? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da hayaƙin garin nan ya sa mini, wata biyu ke nan, amma ba wani abu ba ne.

Na samu saƙonku cewa za ku aiko mini da akwatin kaset na waƙoƙin da kuka rera a Nguru kafin a haife ni, wai shi ne gadona. Baba, kada ku wahalar da direba. Ni yanzu hayar waƙa nake yi a waya. Duk wata nakan biya, in saurari mawaƙin da na ga dama. Kun ce naku mallaka ne, ba haya ba. Gaskiya ne. Amma sau uku na rubuta sunanku a wayar, ba ta san ku ba.

Ku juye kaset ɗin, ku ba Inna akwatin ta riƙa zuba busasshen kifi. Shi kam a aiko mini, ina marmarinsa.

Allah ya ƙara muku lafiya.

Ɗanku,
Mustapha