Ina Kishi da Bijiminka, Alhaji

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyar cigaban layinmu, Gabukka, Gombe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dabbobi.

"Kafin damina ta faɗi, babu macen da za ta sake wuce kangon nan gabanta na faɗuwa." Kai ka faɗa, ranka ya daɗe, ran da ka roƙi mata mu taimaka a gina wa 'yan banga rumfa. Mun ɗebo ruwa a ka, mun dafa wa magina abinci. Damina ta faɗi har ta ɗauke. An gina rumfa kam, amma ba a bakin kango ba, a jikin turken bijimin da kake kiwo.

Na farko: ni ce malamar da ke koya wa matan aure karatu bayan la'asar, kuma hanyar ajinmu ɗaya ce, ta gaban kangon. Ranar Talatar da ta wuce, da la'asar, ido na ganin ido, samarin da ke shaye-shaye a ciki suka finciko hijabina, suka ƙwace wayata, suka yanke ni a hannu. Na yi ihu. 'Yan bangan ba su ji ba, suna zuba wa bijimi dusa.

Na biyu: ɗalibata Ya Falmata daga Borno ta gudo da 'ya'yanta. Kwanan nan ta fara rubuta sunanta da hannunta. Ganin jinina ya sa ta ajiye littafi, ta ce ba ta tsira daga can don a soke ta a Gombe ba. Sauran matan ma mazajensu sun hana su fita. Ajin ya kusa mutuwa.

Na uku, kuma ba na jin kunyar faɗa: ina kishi da bijimin nan. Na kai shekara hamsin, na yi karatu, na karantar, ban taɓa samun gatan da ya samu ba. Ƙarti biyu ke gadinsa da gora. Fitila mai aiki da hasken rana a kansa aka kafa ta. Ko ƙuda ya sauka a tozonsa akwai mai kora. Na tsaya na ƙare masa kallo, ban ga abin da ya fi Ya Falmata da shi ba.

Roƙona, a mai da 'yan banga da fitilar bakin kango, a nemo mai kangon ya toshe ƙofarsa.

Na ba ka zuwa Juma'a ta sama. In ba a yi ba, ranar Asabar zan ɗauko allona da matana mu shimfiɗa tabarmi a gindin turken, mu yi karatunmu inda tsaro yake. Duk mai zuwa tayin bijimi zai tambayi dalili, ni kuwa aikina ke nan, bayani.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka ji kukan mata kamar yadda kake jin na sa.

Wassalam.

Malama Asabe, Gabukka