Zanin Zumunta a Kan Dutsen Kufena

Anti Lantana,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin zuciya ta sa in yi abin da za a daɗe ana ba da labarinsa a Muchia. Amma tun daga farko, kada ki ce in je in ba da haƙuri. Maigidana Sati ya faɗa, maƙwabta sun faɗa, har mai sayar mini da zare a kasuwa ya sa baki. Kunnena ya cika.

Ni tela ce, shagona yana Sabon Gari, kuma yawancin masu kawo mini ɗinki 'yan jami'a ne daga Samaru. Kin san yaran nan, ba sa zaɓar ɗinki sai sun gani da ido. Da can kalandar ɗinki ta Legas nake liƙawa a bango, sai na lura duk telan da ke layinmu ita ce a bangonsa. Na ce ni kam albam ɗina zan yi, ɗinkin hannuna, a jikin yaranmu, a cikin garinmu. Na haɗa kai da wani mai hoto, Ejike, wanda shagonsa ke bakin titi kusa da tasha. Mun ɗauka a bakin layin dogo, mun ɗauka a gaban shagunan 'yan taya, mun ɗauka a cikin 'yan tumatir ana ta kallonmu kamar mun zautu. Daga baya na ce mu hau Kufena.

Hawan dutse ba Ejike ya koya mini ba, shi da ke haki tun daga gindi yana rungume da kyamara. Tun muna yara, duk Litinin ɗin Ista mahaifiyarmu take tasa mu gaba mu hau, da kular shinkafa a kanta. In kin kai sama sai ki ga Zariya shimfiɗe, rufin kwano yana walƙiya, gonaki kore shar in damina ce, iska tana kaɗa miki riga. Har yanzu in zaman keken ɗinki ya riƙe mini baya, can nake zuwa ranar Asabar da sassafe.

Mama ta rasu bara. 'Yar Zumuntar Mata ce ta gaske, wato ƙungiyar matan aure ta cocinmu, kuma ita ke buga tulu in ana waƙa. Da ta kwanta ciwo ni aka miƙa wa tulun. Ranar da muka buɗe akwatinta, sai muka tarar gara ta cinye rabin zaninta na Zumunta. Na yi kuka har na gode wa Allah. Daga nan na ɗauki almakashi, na yanke inda ya tsira, na ɗinka wa ƙanwata Jemimah 'yar jaket. Jemimah ce auta, ita ta bar karatu a Samaru ta zo ta yi jinya, kuma da yake ba ta yi aure ba, ba ta da ikon ɗaura zanin. Na ga ta fi kowa cancantar ta sa wani abu na Mama a jikinta.

Wata rana da yamma bayan an ɗauke ruwa muka hau, ta sa jaket ɗin a kan wandon jins. To da me za ta hau dutse? Mama dai da zani take hawa, amma Mama daban ce. Jemimah ta tsaya a kan wani falalen dutse, gari duka yana bayanta, rana ta yi ja. Anti, hoton ya yi kyau. Hasken nan ya mai da koɗaɗɗen zani tamkar yau aka ciro shi daga leda. Ejike kuwa, kamar yadda masu hoto ke yi in aiki ya burge su, ya wanke ƙato, ya sa a firem, ya kafe a ƙofar shago yana kallon titi. Bai tambaye ni ba, amma da na gani daɗi na ji, ba zan yi miki ƙarya ba.

Ga inda matsalar take. A daidai lokacin, Zumunta ta ba ni sababbin turame in ɗinka musu kayan babban taron shekara, kuma zanen atamfar bai taɓa canzawa ba tun zamanin su Mama. Uwar Zumunta, Mama Scholastica, tana kan acaɓa za ta kasuwa ta hango hoton, ta sa aka tsaya. Kafin Lahadi magana ta zaga cewa na yanki kayan ƙungiya na yi wa ƙanwata kwalliya. A taro ta tsayar da ni a gaban mata, ta ce laifina biyu: na ci amana, kuma na sa wa budurwa zanin matan aure a kan wando, na kafe ta a titi 'yan kamasho suna kallo. Aka karɓe tulun aka ba wata. Aka ce sai na sa an sauke hoton, na kawo jaket ɗin na miƙa, na durƙusa na roƙi gafara. In ban yi ba kafin taron wata mai zuwa, za a cire ni, a karɓe zanina.

Ban gaya musu zanin na wa ne ba, kuma ba ni da niyya. Matan da suka goya ni, suka ci shinkafar bikina, su kira ni ɓarauniya ba tare da ko ɗaya ta ja ni gefe ta tambaya ba? Sannan in tsaya ina kuka ina kiran sunan uwata don su tausaya mini? Allah ya kiyaye. Na kwashi ɗinkinsu cif na zube musu a tebur, na ce mai shakka ta auna. Sati na ja masa kunne kada ya kuskura ya buɗe baki. Jemimah ma na hana ta magana. Yanzu ta daina zuwa coci, ta daina zuwa gida daga makaranta ƙarshen mako, sai dai ta bugo waya daga wajen masu wayar haya a ƙarƙashin lema ta gaishe ni sama-sama.

Hoton yana nan a kafe, ni na ce wa Ejike kada ya taɓa. Amma Anti, abin yana mini ciwo. Ranar Lahadi ina zaune a bencin baya, wata tana buga tulun Mama tana tsallake kiɗa, hannuna yana bugawa a kan cinyata ban sani ba. Ina son wurina. Yaya zan yi in koma ba tare da gwiwata ta taɓa ƙasa ba?

Taki,
Mai Almakashi, Muchia

*

'Yar'uwa Mai Almakashi,

Sannu da rashi, sannu kuma da ɓacin rai. Ba zan ce ki durƙusa ba. Ba ki yi sata ba, kuma wanda bai yi sata ba ba ya roƙon gafarar sata. An yi miki ba daidai ba da aka yanke hukunci kafin a tambaye ki, kuma kina da ikon faɗa musu haka a fili. Jaket ɗin ma kada ki miƙa wa kowa. Gadonku ne, na Jemimah ne yanzu.

Sai dai ki yi haƙuri da ni kaɗan, don akwai ɗaya ɓangaren. Ni ba 'yar Zumunta ba ce, amma na tambayi maƙwabciyata da ta daɗe a ciki, ta ce zanin nan ba a ɗaura shi zuwa kasuwa ma, sai hidima ko jana'iza. Ki sa kanki a kan acaɓar nan. Sun ba ki sababbin turame, sai ga zane iri ɗaya a titi, kuma ke da bakinki kin ce a hoton ya fito sabo fil. Me kike so ta zata? Ta yi gaggawa, gaskiya ne. Amma ke kaɗai ke riƙe da amsar da za ta kashe maganar, kin kulle ta, kin kulle bakin mijinki da na ƙanwarki. Zube musu ɗinki a tebur bai amsa komai ba. Tela in ya iya aiki yakan fitar da ƙyalle kaya su cika, su ma sun san haka.

Abin da ya fi damuna shi ne Jemimah. Fuskarta ce a titi. Ejike bai tambaye ki ba, ke kuma ban ga inda kika tambaye ta ba. Yarinyar da ta yi jinyar uwarta yanzu ba ta iya shiga cocin da aka yi wa uwar addu'a, saboda faɗan da ba nata ba. Ki hau mota ki je Samaru makon nan, ki zauna da ita, ki bar ta ta yi magana. In ta ce a sauke hoton, a sauke. Ni ma shawarata a sauke shi, ya koma falonki ko cikin albam ɗin shago. Ki karɓi fim ɗinsa daga hannun Ejike, ku kuma yi magana ta fahimta cewa daga yau ba ya kafe fuskar kowa sai da izininta. Sauke hoto daga titi ba amsa laifi ba ne.

Bayan haka kada ki jira taro. Ki je gidan Mama Scholastica ke da Sati, da rana tsaka, ki tafi da guntun da gara ta ci in yana nan, da jaket ɗin don ta taɓa da hannunta ta ji tsufansa. Ki gaishe ta gaisuwar 'ya da uwa, ki faɗi na wa ne. Ki ce kin yarda titi ba wurin zanin ba ne, kuma kin sauke. Sannan ki nemi abu ɗaya: tunda a gaban mata aka kira ki maciya amana, a gaban mata za a wanke ki. A nan ki tsaya kyam, ina bayanki. In bayan duk wannan suka dage sai kin durƙusa, ki kai maganar ga dattawan coci, hujja tana hannunki.

Ɗinkinki da hawan dutsenki da hotunanki na layin dogo, ki ci gaba, babu mai hana ki. Garinmu ya cancanci a ga kyansa, yaranmu ma haka.

Kin ce ba za ki kira sunan mahaifiyarki don a tausaya miki ba. Ba neman tausayi ba ne. Matan nan sun yi waƙa kafaɗa da kafaɗa da ita tun ba a haife ki ba, su ma sun yi rashi, kuma har yau babu wanda ya gaya musu cewa zanin ƙawarsu ne suka gani a kan dutsen. In Mama Scholastica ta fashe da kuka, kada ki ce kin yi nasara. Ki matsa kusa da ita ki zauna.

Allah ya ba Mama hutawa, ya sanyaya zuciyarki, ya daidaita tsakaninku.

Taki,
Anti Lantana