Na'ura Ta Kai Ƙarar Kofina

Yau Talata. Gwiwa da sauƙi, tari kuwa yana nan.

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya jikoki? Ni lafiya lau nake, kada ka damu. Gidan Auta akwai daɗi, sai dai da ta fita aiki ba mai yi mini magana sai firji.

Ka san aikinta binciken ruwa ne. Ita da abokan aikinta sun ƙera wata 'yar na'ura mai tsinke, an shafa masa enzayim, wani sinadari mai gane guba. Ana ɗiga ruwa, lantarki ya motsa, lamba ta fito. Ta kawo ta gida don ta burge ni. Ruwan famfo ya ci jarrabawa. Da ta ɗiga daga tsohon kofina na roba, wanda marigayiya matata ta saya mini, sai na'urar ta kama ƙara.

Wai robar tana zubar da guba cikin ruwan zafi, ta rikita sinadaran jiki, har ta hana haihuwa. Na ce, "Auta, ku bakwai na haifa ina sha da kofin nan. Da bai hana ba, da ku nawa ne?"

Ta ce, "Baba, gobe shara zai tafi."

Na roƙi maƙwabcinmu, tsohon direba, ya zo ya ɓoye mini shi. Kai kuma ka yi mata waya, tana jin maganarka. Na yarda in daina sha da shi, in dai zan riƙa ganinsa.

Allah ya bar zumunci.

Yayanka.

Direban bai zo ba. Kofin yana ƙarƙashin hulata, Auta tana ta tambayar abin da ya kumbura mini kai.