Baƙin Ƙyalle a Saman Soro

Malam Labaran, ka ba ni fili in sanar da jama'ar Zongon Parakou, manya da yara, cewa baƙin ƙyallen da nake lulluɓe kaina da shi bayan isha'i yana nan daram, kuma ban da niyyar ajiye shi. To, tunda na sauke wannan, ka taimake ni, auren 'yata na neman lalacewa.

Ni tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Da na ajiye alli sai na sayi madubin hangen taurari, don tun ina yaro a Partago nake son kallon sama. A Parakou kuwa fitilun titi da na shaguna sun mai da sama kamar ruwan koko. Abin da nake nema ma ba taurari ba ne, nébuleuse ne, wato gajimaren iska mai haske da ke can nesa, inda sababbin taurari ke fitowa. Akwai ɗaya a ƙasan taurarin nan uku da ke jere. Haskensa ba ƙarfi, fitilar mai shayi ma takan binne rabinsa.

Sai wani tsohon ɗalibina ya aiko mini da filtre, ɗan gilashi kamar murfin kwalba, ana murɗa shi a gindin wurin sa ido. Aikinsa rowa: ya tare kusan duk haske, ya bar ɗan siririn launi mai kore-kore da gajimaren ke fitarwa. Sama ta yi baƙi ƙirin, taurari su dushe, gajimaren kuwa ya fito da fikafikansa. Amma in hasken fitila ya taɓa gefen idonka, shi ke nan ya ɓace. Shi ya sa nake rufe kaina, in zauna shiru har ido ya saba da duhu.

Wani yaron kirki daga Djougou, Sabiou, yana neman 'yata Kausar, ita ma tana son sa. Danginsa suka turo kawunsa, Alhaji Maazou, ya yi bincike. Maƙwabtana masu ilimi suka rabu biyu: wasu suka ce ni ɗan duba ne, wasu suka ce leƙen gidaje nake yi. Alhaji ya kwana a gidan da ke kallon nawa, ya ga mutum a saman soro cikin baƙin ƙyalle, ya rungumi bututu yana gunaguni. Fitilar titi nake zagi, amma wa zai gaya masa? Ya koma Djougou, har yau ba goro ba saƙo.

Matata Hadjo ta ce in sayar da madubin. Kausar kuwa ajiye mini abinci take yi ta juya, kuma wannan ya fi ciwo. Amma kakannin mutanen nan da taurari suka riƙa gane hanya suna fataucin goro, yau jikokinsu na tsoron wanda ya ɗaga kai. Ba zan roƙi gafara don na kalli halittar Allah ba. Me zan yi?

Mai Baƙin Ƙyalle, Zongo, Parakou

Amsa

Mushe, kamar yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu, kada ka sayar da madubin. In ka sayar yanzu, ka tabbatar wa unguwa cewa dama akwai abin ɓoyewa. Amma maƙwabtanka ba wawaye ba ne. Soronka na kallon tsakar gidajen da iyalansu ke ciki, kai kuma ba ka taɓa kiran ko mutum ɗaya ya sa ido ba. Alhaji Maazou aikinsa ya yi. Kai ma da ka ga haka a gidan su Sabiou, da ka yi gaba da 'yarka.

Ka je Djougou da kanka, da madubin, tare da dattijo ɗaya daga masallacinku. Ka gaida Alhaji yadda ya kamata, kuma ka bar zancen kakanninsa a Parakou. Ku zaɓi daren da babu farin wata, ka kafa madubin a ƙofar gidansa, a ƙasa, a gaban kowa. Ya duba ba filtre, sannan ka murɗa gilashin ya sake dubawa. Ka gaya masa tun farko cewa hazo-hazo zai gani, ba irin hotunan waya ba, don kada ya ce ka yaudare shi. Da hasken fitila ya dame shi, miƙa masa ƙyallen ka yi shiru. Ba lallai ne ya zama baƙi ba, zanen Hadjo mai kauri ma zai yi. In ka dawo, haka za ka yi wa maƙwabta, kuma ka daina hawa soro kai kaɗai.

Kafin duk wannan, ka zauna da Kausar ka gaya mata za ka je. Ita ce ke biyan kuɗin taurin kanka, ba Zongo ba. Allah ya daidaita, ya kawo goron nan lafiya.

Na taɓa rubutawa a wannan fili cewa fitilu sun cinye saman Parakou, ba sauran abin kallo. Na yi kuskure. Ranar da za ka nuna wa maƙwabta, a ajiye mini wuri a ƙarƙashin zanen.