A Cire Mana Kwadon Rumfar Kwalekwale Kafin Juma'a

Daga:
Gunvor Ekstedt,
Uwar Ƙungiyar 'Yan Sikawut ta Ƙauyen Ringby,
Lamba 4, Hanyar Coci, Ringby.

Litinin, 1 ga Yuli, 2019.

Zuwa ga:
Mai Girma Torsten Wallmark,
Shugaban Sashen Wasanni da Shaƙatawa,
Ƙaramar Hukumar Tallmora.

Game da: Kwadon da ofishinka ya garƙama wa rumfar kwalekwalen 'yan sikawut a bakin Tafkin Ringen, da roƙon a cire shi kafin ka tafi hutu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Ni ce tsohuwar nan mai jar hular ulu wadda ta yi ta zama a bencin ƙofar ofishinka a makon jiya, har mai sharar wurin ya fara kawo mini kofi ba tare da na roƙa ba. Shekaruna saba'in da ɗaya, kuma tun kafin furfura ta sauko mini nake fita da yaran ƙauyen nan kan ruwa. Ban saba rubuta wa hukuma ba. Jikata ce ke buga mini wannan a na'ura, ta kuma gargaɗe ni in taƙaita. Zan yi ƙoƙari, amma ban yi alkawari ba.

Ga maganar a dunƙule. Muna da yara goma sha biyu da suka shirya tafiyar kwana biyar a kwalekwale, daga Tafkin Ringen su bi kogi suna kafa tanti a tsibirai, farawa daga Litinin 15 ga wannan wata. Kwalekwalenmu shida, da filafilai, da rigunan ceto, duk suna bayan kwadonka. An shaida mini kai kaɗai ke da ikon cire shi, kuma ranar Juma'ar nan za ka tafi hutun shekara na mako huɗu. Don haka nake gabatar da koke-kokena kamar haka:

1. Ba a tambaye mu abin da muke yi a ruwa ba. Ƙungiyarmu tana da doka wadda ta girme ni a aikin: babu yaron da zai kwana a tsibiri sai ya kifar da kwalekwalensa da gangan, da kayansa a jiki, ya fito daga ƙarƙashinsa, ya kira sunansa da ƙarfi don mu san yana nan, sannan shi da abokin tuƙinsa su juyo da jirgin su koma ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gara yaro ya sha ruwan sanyi a gaban idona, taku ashirin daga gaɓa, da ya fara saninsa a tsakiyar kogi cikin iska. Ranar da za mu yi wannan gwaji mukan ɗaga tuta rawaya a kan gadar katakon da ke bakin tafki, inda muke ɗaure jirage. Kowa a Ringby ya san ma'anarta. In tsofaffi suka gan ta sai su ɗauko kujeru su zo kallo, su yi ta yi wa jikokinsu tsiya.

2. Abin da takardarku ta kira hatsari, ba hatsari ba ne. Ranar Asabar 15 ga Yuni da hantsi muka ɗaga tutar. Mataimakina Ebbe Sundin, wanda ke da shaidar ceto a ruwa, yana cikin tafkin har ƙirji. Ni ina kan gada da usur da igiya, in na ƙirga uku na busa sai a kife. Yara suka shiga biyu-biyu suna kifewa. Yallaɓai, ka san ruwanmu a watan Yuni: rana na sama tana yaudara, shi kuwa a ƙasa bai manta da ƙanƙara ba. Duk wanda ya faɗa sai ya yi ihu, kuma wani yaro Alvar, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya fi kowa. Yana fitowa ya daka tsawa, “Wayyo Kaka Gunvor, na mutu! Ki gaya wa babata ta ba ƙanena kekena, amma kada ya taɓa ƙararrawar!” Tsofaffi suna ta dariya.

To, a tsallaken ruwa akwai wata baiwar Allah, Uwargida Solveig Rask, wadda ta sayi ɗan gidan hutu a bana. Daga birni ta zo, ba ta san tutarmu ba. Ta leƙo da madubin kallon tsuntsaye, ta ga jirage a kife, kawunan yara a ruwa, ta kuma jiyo wani yana cewa ya mutu. Ta buga lambar gaggawa. Ina so a rubuta a fayil cewa ba na ganin laifinta ko kaɗan. Da ni ce a madadinta, da na kira har sojoji.

Sai ga jiniya. Motocin kwana-kwana biyu, motar asibiti, da jirgin roba a kan tirela. Shugabansu, Hampus Lindahl, ya sauko a guje, ya ga tutar, ya gan ni, ya dafe kai. Ya ce, “Haba Kaka, yau ma ke ce? Ina tsakiyar gasa tsiran alade aka taso ni.” Ya ƙirga yara, ya sha kofi, ya ci burodin kirfa biyu, ya sa na uku a aljihu, suka juya. Babu wanda ya ji ko ƙwarzane.

3. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, don haka a yi mini haƙuri in na tsawaita. Yara goma sha ɗaya sun gama gwajinsu kafin jiniya ta iso. Saura ɗaya. Sunanta Tuva Norlin, shekarunta goma sha biyu. Tana iyo sarai, amma ba ta yarda ruwa ya rufe mata fuska. Ba wani abu ne ya taɓa samunta ba, haka Allah ya yi ta. Bara ta kasa gwajin. Ranar tafiya ita ce ta taya 'yan uwanta ɗaukar jakunkuna zuwa gada, ta ɗaure wa wata ƙyallen wuya, ta tsaya tana ɗaga hannu har jirage suka sha kwana. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Duk hunturun da ya wuce, kowace Laraba bayan makaranta, yarinyar nan tana zuwa kicin ɗina. In cika babban kwanon da nake kwaɓa burodi da ruwan sanyi, ta tsoma fuska, ni ina ba ta labari don kada ta lura da daɗewar. Da farko ko “wata rana” ban gama faɗa ba ta ɗago. Kafin ƙanƙara ta narke, sai da nake kai wa inda kerkeci ya shigo labarin. Babu wanda ya tilasta mata. Ita ke ƙwanƙwasa ƙofa.

Ranar Asabar ɗin ita ta roƙa a bar ta ƙarshe. Ta shiga jirgi da ƙawarta, suka tuƙa zuwa wurin Ebbe. Ina kallonta ta kama gefen kwalekwalen da hannu biyu, leɓenta fari fat, ta ɗaga kai ta ce mini, “Kaka, ki busa kawai, kada ki ƙirga.” Usur yana bakina, na ja numfashi, sai jiniya ta riga ni. Dole aka fito da kowa don a ƙirga. Na ce mata ba komai, jibi ma rana ce.

4. Jibin kuwa, wato Litinin 17 ga Yuni, muka tarar da sabon kwado a rumfa, da takarda cikin leda an manna a ƙofa, wai an dakatar da amfani da wurin “har sai an kammala bincike kan hatsarin da ya rutsa da ƙananan yara.” Na amince rumfar ta hukuma ce, aro kuka ba mu, muna kuma godiya. Amma kayan da ke ciki namu ne. Ba a kira ni ba, ba a kira Ebbe ba, ba a tuntuɓi Hampus ba. An ga rahoton fitar motoci kawai, aka aiko da kwado. Wanda ya zo sa kwadon ma ɗan ƙauyen nan ne, a hannuna ya yi nasa gwajin. Da na tsare shi a kanti sai ya sunkuyar da kai ya ce shi aiko shi aka yi.

5. Na bi duk hanyar da aka nuna mini. Na buga waya, wata murya ta gaya mini kirana yana da muhimmanci, ta sa mini kiɗa har madarar da na ɗora ta ƙone. Bikin tsakiyar bazara ya shigo, ofis ya rufe. Da aka buɗe na hau bas na zo da kaina. Ma'aikaciyarka, Ylva Brink, yarinya mai ladabi, ta ce batun yana gaban kwamiti. Na tambaya yaushe kwamiti zai zauna. Ta duba ta ce ƙarshen Agusta. Na ce, 'yata, a ƙarshen Agusta yara sun koma aji, dare ya fara tsawo, agwagin daji ma sun fara haɗa kaya. Ta ce ta fahimce ni ƙwarai. Kowa a ginin nan ya fahimce ni ƙwarai, Yallaɓai, amma kwadon yana nan. Ita ce dai ta rage murya ta ce shugaban sashe yana iya cire shi da sa hannu ɗaya. Ranar farko kana taro. Ta biyu ka je duba filin ƙwallo. Ta uku aka ce yanzun nan ka fita ta ƙofar baya. Ba na zargin komai, ƙofa ai don fita aka yi ta.

6. Kada a ce mu yi aron jirage a wani wuri. Mun nema. A watan Yuli ko bahon wanka aka sa a ruwa sai an samu mai haya. Sauran shiri kuwa mun gama. Busasshen burodi yana cikin gangunan roba. Na busar da naman miya, na rarraba garin kunun safe ƙulli-ƙulli. An ɗinke tantin da ɓera ya ci, an shafe takalma da mai, an sayi maganin sauro. Yara sun iya ɗaurin igiya har sun ɗaure mini kujerun kicin da juna. Falona ya cika da jakunkuna, ta gefe nake bi in kai ga gado. Na kwance jakar magani na sake shiryawa ban san sau nawa ba, don hannuna ya rasa abin yi. Kowace safiya sai in ga ƙafata ta kai ni rumfa, in ja kwadon, ko da wani ya yi hankali cikin dare.

Kuma ko an buɗe mana ranar tafiyar da safe, bai wadatar ba. Ba zan karya doka don Tuva ba, ita ma ba za ta yarda ba. Ebbe ya taɓa cewa ko a duba ƙoƙarinta na hunturu a yafe mata, ta harare shi ta ce ita ba jaririya ba ce. Yaran kuma sun yi taronsu a bayan coci, ba da sanina ba, suka aiko Alvar da saƙo: in babu Tuva, babu mai tafiya. Na ce kai da ka shekara kana mafarkin tsibiri? Ya ce, “Kaka, bara da muka tafi muka bar ta, kunun ma bai yi daɗi ba. Ko da yake dama kununki sai a hankali.” Na kai masa duka da cokali, ya kauce.

Saboda haka, cikin ladabi, nake roƙon abubuwa kamar haka. A cire kwadon, ko a ba ni makullinsa, kafin ƙarfe biyu na ranar Juma'a 5 ga Yuli. A goge kalmar “hatsari” daga takardar da ke ƙofa, don iyaye suna karantawa. In kuma ana so mu riƙa sanar da 'yan kwana-kwana da baƙin gidajen hutu kafin mu ɗaga tuta, na karɓa hannu bibbiyu, shawara ce mai kyau. Bincike kuwa a ci gaba da shi har Kirsimeti in ana so, zan zo duk ranar da aka kira ni, da burodina.

Na haɗo da bayanin Hampus Lindahl, da na Uwargida Rask. Ita wannan tun da ta ji abin da kiranta ya jawo take zarya gidana da kek, har na rasa inda zan sa shi. Ta roƙa a bar ta ta riƙe tutar da hannunta ranar da Tuva za ta shiga ruwa. Na ce mata sai abin da Tallmora ta ce.

Ranka ya daɗe, ƙarfin halin yaro kamar madara yake a lokacin zafi, ba ya jiran kwamiti. Jiya da yamma na tarar da Tuva zaune a kan gada, ƙafafunta a ruwa, tana kallon rumfar. Ta daina zuwa wurin kwano, ta ce kwano ya yi mata kaɗan yanzu, tafkin take so. Na zauna kusa da ita. Can ta ce, “Kaka, in tsoron ya riga makullin dawowa fa?”

Shekara da shekaru yara suna yi mini tambaya, ban taɓa rasa abin faɗa ba, ko da ƙirƙira ce. Wannan karon kuwa amsar ba a bakina take ba, tana cikin aljihun teburinka. Ranar Juma'a da ƙarfe biyu za mu kasance a kan gada, ni da ita da sauran goma sha ɗaya, da usur a wuyana. Ba sai ka zo da kanka ba, ko direban bas ka ba wa makullin zai kawo, ya san ni. In kuwa ka zo, akwai kujera da kofi, sai dai ka toshe kunne.

Ina roƙon afuwa in harshena ya zarce inda ya kamata. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa ka tafi da zuciya sakayau.

Taka cikin girmamawa da jiran amsa,

Gunvor Ekstedt
Uwar Ƙungiyar 'Yan Sikawut ta Ringby