Ɗumin Mota Don Takwarana

Zuwa ga 'yata Hajara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jego, ya maigidanki da takwarana? Mu nan lafiya lau, sai murna.

Mamanki ta ce ba zan ɗauko jariri cikin sanyin Jos ba sai motata tana ɗumi. Na murɗa hita mai ɗumama mota, wadda ban taɓa kunnawa ba, sai iska mai sanyi! Na kai wa Ndagi bakanike a Ƙetaren Gwari, na tsaya a kansa don in ga dalili. Ashe akwai wani ɗan ƙarfe kamar murfin kwalba da ke tsare ruwa har injin dizal ya yi zafi, kuma da wannan zafin ne hita ke aiki. Ya ce, "Baba, ni na cire shi tuntuni. Na ƙasar Turawa ne, wa ke neman zafi a Minna?" Na ce takwarana ke nema. Ya tono shi cikin gwangwaninsa ya mayar. Jiya na zaga da mamanki har Shango, gilashi a rufe, tana gumi tana cewa ta yarda.

Asabar zan iso da yardar Allah. Ki gai da kowa, ki yi mini addu'ar hanya.

Mahaifinki.