Na Daina Buga Sunan Ƙasar Wasu a Takalmin da Na Ɗinka

Goggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗau zafi. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Ni mai ɗinkin takalmi ne. A shagon Kawu nake aiki, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi ya fara sa min basilla a hannu. Shagon ɗaki ɗaya ne, keken ɗinki biyu, benci, sai warin gam da ya kama mana tufafi, har in na shiga mota mutane su riƙa matsawa. Layinmu kaf sana'ar kenan. Kuma kowa da abu ɗaya yake gama takalmi: wani ɗan ƙarfe mai rubutu, a gasa shi a kan risho, a danna a tafin takalmin, sai ga sunan wata ƙasar waje ya fito raɗau. Kawu ko filin jirgi bai taɓa leƙawa ba, amma kullum daga can kayansa suke zuwa.

Ba na cewa haka kawai ya fara. Ya ce a ƙuruciyarsa gwamnati ta hana shigo da takalma, nasu ake saye ba tare da an tambayi suna ba. Rana ɗaya aka buɗe ƙofa, kayan waje suka cika kasuwa, masu ƙyalli, masu araha, ruwa ɗaya ya dake su su saki baki. Ni ma na lura da masu saye. Mutum zai ɗauki takalmi, bai duba ɗinki ba, bai murza fata ba, sai ya kifa shi. In bai ga rubutu ba ya ajiye kamar ya taɓa garwashi.

To bana sai aka sanar a rediyo cewa gwamnati za ta saya wa masu shara da masu gadinta takalma, kuma na gida kaɗai za a saya, wai kishin ƙasa. Aka ce jami'ai za su zo layinmu su gani. Kawu da ya ji manya za su zo, ya sa muka fito da mafi kyau, waɗanda ba a buga wa ƙarfe ba ma ya ce a buga, don a fita kunya. Maƙwabta duk suka yi haka. Jami'an suka zo, suka kifa takalman, suka karanta, suka ce mu 'yan kasuwa ne masu shigo da kaya. Kawu ya nuna musu keke, ya nuna musu tafin hannunsa, suka wuce.

Kin san wa aka ba aikin? Wani kamfani da masu shi suka zo daga waje suka kafa masana'anta a bayan gari, suka manna tutar ƙasarmu a jikin kwali. Nasu ya zama na gida, namu ya zama baƙo.

Tun ranar na rantse hannuna ya bar taɓa ƙarfen nan. Na je wurin mai walda ya yi min nawa da sunan da ake tsokanata da shi, Dogo. Kawu ya ce so nake in kashe gidansa da yunwa, ko in koma bugawa ko in tashi daga bencinsa kafin ƙarshen wata. Mahaifiyata tana kuka, wai kada a ce ta haifi butulu. Matar Kawu ta koma amsa gaisuwata da hanci. Ni ban yi masa rashin kunya ba, ina gaishe shi, ina share shago, amma ba zan buga ba. Ni na yanka, ni na ɗinka, ni gam ya cinye wa yatsu, sai wasu da ba su san ina duniya ba su kwashe yabon? Kada kuma ki ce in jira gwamnati. Ta buɗe ƙofa ba ta tambaye mu ba, ta rufe ba ta gane mu ba. Abin da nake tsoro ɗaya ne, in rasa Kawu. Yaya zan yi?

Dogo mai takalmi

Ɗana Dogo,

A kan ƙarfen, gaskiyarka ce. Yaudarar mai saye ne, ko da duk layi na yi, kuma kun ga inda ya kai ku. Jami'an ba su yi bincike yadda ya kamata ba, amma abin da kuka rubuta da hannunku suka karanta. Kada ka janye.

Sai dai ka raba fushinka biyu. Kawunka ba shi ya buɗe ƙofar ba. Mutum ne da aka yaye wa rufi da rana tsaka, ya laluɓo abin da zai ciyar da iyalinsa, har da kai. Yanzu an kunyata shi a gaban layi, ga ɗan da ya riƙe tun yana ƙarami yana nuna masa kuskurensa kullum. Kunya ce take magana a bakinsa, ba ƙiyayya ba.

Kada ka sake tayar da zancen a shago. Ka same shi a gida, ka tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa. Kada ka nemi ya jefar da ƙarfensa. Ka roƙi abu biyu: ya bar ka a kan yanka da ɗinki, kuma ya ba ka kanta ɗaya ka jera masu sunanka, da fatar da ka saya da kanka. Ka nemi masu yawan tafiya a ƙasa, irin su 'yan dako da masu talla, su ne suka san takalmin kirki. Ka yi musu alkawarin gyara kyauta. Ka sani fa, wanda ya sa sunansa, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa in tafi ya ɓalle.

Gwamnati kuwa, ba za ta dawo ta yi muku katanga irin ta da ba, amma mai saye ce babba, kuma haƙƙinku ne ta gan ku. Ka tara samarin layin, ku je ofishin jami'an nan tare, ku gayyace su su ga aiki daga yanka har gamawa.

In Kawu ya ƙi, ka tashi, amma da sallama da neman albarka, kuma kada ƙafarka ta ɗauke daga gidansa. Watannin farko za su yi tsauri, ka riƙe gyaran tsofaffin takalma ka ci abinci. Benci ana samun wani, kawu ba a samu.

Allah ya sa albarka a hannunka, ya sanyaya zuciyar kawunka, ya share hawayen mahaifiyarka.

Goggonku